Inna, Gobe Za Ni Sare Ɗorawarki

Zuwa ga mahaihiyata abin ƙaunata, Inna Kulu, wadda ke kwance maƙabartar gabas ga gari.

Assalamu alaikum warahamatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da ladabi da biyayya irin ta ɗa ga uwatai, ina hwatan Allah shi sa makwancinki ya hi ɗakinki na duniya sanyi. Ɗanki na, Bawa sarkin gatari, wanda in yay yi tari nan garin Gwashi, iccen Gummi ka ɗaukar rawa. Ki yi haƙuri da rubutun, kinsan aji ukku nit tsaya, ukkun ma rabinsu bisa iccen kanya niy yi su. Yadda baki ka hwaɗi hakanan yatsa ka dannawa. Wanda yag ga kure shi gyara cikin cikinai.

Nasan waya ba ta kaiwa inda kike. Amma in na watsa ta bisa waya mutane za su leƙa su karanta, kuma so nike su karanta, don yanzu in na buɗe baki ƙohwar masallaci kowa sai shi tuna da wani aiki da yab bari gida. Ke ko kin saba saurarena ko ƙarya nike shirgawa.

Gida lahiya, in dai wagga ita a ka kira lahiya. Har yau ba a haihi wanda yah hi ni kyan tahiya ba daga nan har Bukkuyum. Ƙanwata Lanti na gaishe ki, ita da ɗiyanta huɗu. Ta rame, har zobenki da kinka bar mata ya daina zama ga yatsanta. To ba wanga yak kawo ni ba.

Inna, gobe da hantsi za ni sare ɗorawarki.

Na rubuta hakanan na aje wayar, na zagaya bayan gida na dawo, na iske maganar na nan ba ta goge kanta ba.

Kinsan wadda nike nuhi, amma bari in hwaɗa don baƙi. Ɗorawan nan babba ta yamma ga gari, bakin hanyar da ka shiga daji. Gonar da take ciki ba tamu ba ta, tun Baba na da rai anka saida ma Alhaji Ila. Amma nan wurinmu gona daban, icce daban. Mai gona shi noma ƙasatai, ɗorawa kau ta mai ɗorawa ta. Ke kin gaje ta ga Kaka, Kaka ta gada ga tata uwa, da kinka rasu tak koma hannun Lanti. Namiji bai taɓa mallakarta ba. Alhaji Ila da rawaninai da tumbinai, in shina son ko mudu guda na kalwa sai ya aiko ya roƙa, ke kau sai kin ja mai rai kwana biyu kahin ki ba da.

Ina tuna lokacin da take hure, jajayen tutun nan na reto kamar an rataya mata tuntaye, ƙudan zuma na guɗa tun sahe. Ki kan tsaya da tulu bisa kai ki ɗaga ido ki ƙidaya da baki, sannan ki ce bana Allah ya yi muna. Ni ban san mi kike ƙidayawa ba, ni dai jira nike ta nuna in cika ciki da gari. Baki rawaya, hanci rawaya, riga rawaya. Ko daga nesa anka hango ni an san ɗan Kulu na.

Ba abin da kike yarwa nata. Garin mu sha. Kalwa ki dahwa ki yi daddawa, warinta shi kori Baba zuwa zaure kwana ukku, amma in anka sa ga miya shi ka hwara miƙo ƙwarya. Ɓawon ki jiƙa ki yi makuba ki shahe daɓen ɗaki. Inna daɓen nan har yau bai tsage ba, sumuntin da nis sa ga nau ɗakin kau ya yi baki kamar na kada.

Shekaran nan da gero yaƙ ƙi, ina ɗan ƙanƙane, na ga kin leƙa rumbu kin daɗe ba ki hiddo kai ba. Wata biyu garin ɗorawa da ruwa munka sha da rana. Ki kan dama ki ba mu, ki ce ke kin riga kin sha naki. Sai da nig girma nig gane ƙwaryar guda ta.

Ranar da nik kaɗo garda kau, ɗanyar da ba ta nuna ba, don kawai in gwada ma yara na iya jihwa, ba ni mantawa. Kinka kama kunnena daga ƙohwar gida har gindinta, mata na dawowa rijiya suna kallo, kinka ce in ba ta haƙuri. Ni Bawa, mai shekara bakwai da suna cikin gari, ina ba icce haƙuri. Nic ce ai ba ta da kunne. Kinka ce, “Ita ba ta da shi, Mai ita na da shi. Abin da ka ba ka bai tambaye ka komi ba, ka gode mai ko kurma na.” Kunnen nan har yau ya hi ɗan uwanai tsawo, mata ka cewa shi ka ƙara min kyau.

To nig girma niy yi abin da kinka sani. Da haƙar zinari tab buɗe, baƙi sunka cika ƙasa daga ko'ina, kowa na son icce. Na tokare rami, na dahuwa, ga motocin gawayi na jira bakin hanya. Allah kau ya ba ni hannu. Ba yabon kai ba, amma in na duba icce sau ɗai na san inda za shi kwanta, har in aje hulata in ce nan kanai za shi sauka, kuma nan ɗin shika sauka. Kirya nih hwara da ita, gawayinta ya hi. Da taƙ ƙare nik koma ga marke. Na yi Nasarawa Burkullu, na yi gefen Anka, inda duk nib bi sai rana ta samu wurin zama. Ana yi min kirari ina ƙara washin gatari.

Ranar da nik kai ga kaɗanya, wadda mata ka samun man kaɗe gare ta, nis sawo maki atamhwa sabuwa dal daga kasuwar Bukkuyum. Kinka karɓa kinka sunsuna, kinka ce tana warin hayaƙi. Nic ce daga shago ta hito. Kinka ninke kinka sa ƙarƙashin gado. Da kinka rasu mun iske ta nan da takardar jikinta, ba ki ko kai ta ga tela ba.

Bayanki daji ya canza, Inna, kuma ba sai an tambayi wa yac canza shi ba. Iska yanzu ba ta da mai tare ta, daga yamma take tahowa a miƙe ta kwashe jinka ta kai gonar wani. Gulbi na cin gaɓa kowace damina. Zuma sai dai ta kwalba wadda ba a san uwatta ba. Kurciyoyin da ka tada mu da sahe ban san inda sunka koma ba. Rannan ƙaramar ɗiyar Lanti ta yi ciwon ciki, anka ce a samo ɓawon maɗaci, niy yi tahiyar rabin yini ban samu ba. Kututture nike iskewa, kuma kowane na gane saran. Nau na.

Ɗorawarki ɗai tar rage tsaye wajen nan ita da 'yan tsiraru, don ko ni mahaukaci ban kai ga kallonta da gatari ba.

Allah ya ruhwa maki asiri ba ki ga abin da yab biyo ba. Mutanen daji. Da labarinsu mu ka ji daga nesa, yanzu har ƙarar mashin ɗinsu yara sun iya rarrabewa da ta 'yan kabu-kabu.

Bara, ƙarshen bazara, ina sharar gona wurin Alhaji Ila. Rana ba ta kai tsaka ba sai nij ji ƙugi daga yamma, ba mashin ɗaya ba, ba goma ba. Nid duba gari, ya yi nisa. Nid duba dama da hagu, hili na tas kamar tahin hannu, ba ko kalgo da kare ka laɓewa. Ni da kaina nis share shi. Sai ɗorawa.

Ni da ka cewa ko zaki yag gan ni sai ya rusuna, Inna na hau iccen nan kamar ƙadangaren da anka jehwa. Nik kai can bisa inda manyan rassa ukku sunka rabu, nik kwanta nir rungume ɗaya. Ganye yar ruhe ni. Ban san yadda za ni hwaɗa maki ba, amma ji niy yi kamar lokacin da ki kan ja zane ki lulluɓe ni in Baba ya shigo da bulala.

Sunka wuce cikin gari. Ukku sunka tsaya tsaron hanya, kuma ba inda sunka zaɓa sai inuwarki. Sunka jingine bindigogi ga gindinta, sunka tsinci ɗorawar da taz zubo suna sha suna tohwar da kalwa. Ɗaya na da tari. Ina ganin tsakiyar kanai, har da wani tabo. Cinnaku sunka same ni ga wuya ban motsa ba. Wandona ya jiƙe, na hwaɗa ma mutane zuhwa ta. Ke ba ni yi maki ƙarya yau, rabi na zuhwa.

Daga can bisa ana ganin cikin gari duka. Ban taɓa lura ba sai ranar. Na ga tsakar gidanmu, na ga turminki, na ga hayaƙi ya tashi unguwar maƙera.

Da la'asar sunka hito da shanu gaba, mutane baya, ɗaure ga igiya guda. Na shida cikinsu Mamman na, mijin Lanti, da takalmi ƙahwa ɗaya. Da sunka zo daidai ƙarƙashina yaɗ ɗaga kai. Ban sani ba ko ya gan ni. In ya gan ni, to ya yi maza ya sadda kai ƙasa bai nuna ba. Har yau bai dawo ba, ba mu kau ji wanda yag ga inda anka sa shi ba.

Iccenki ya ba ni raina ranar. Abin da ya kamata in yi shi na in sauko in yi shiru in gode ma Allah. Amma kinsan ɗanki.

Kwana biyu ina teburin mai shayi ina ba da labari. Gari na cikin makoki, nig ga in na sa mutane dariya kamar na taimaka, ni ma kau in ina zuba ba ni ganin takalmin Mamman. Ranar hwarko su ukku na ƙarƙashina. Mako na zagayowa sun zama goma sha biyu. Nic ce na ji hirarsu kab, na san sunan kowa da na uwatai. Nic ce na jeho ma babbansu ɗorawa ga kai, yaɗ ɗaga ido yac ce a'a Bawa kai na, yi zamanka. Anka yi ta dariya har wani ya ƙware da shayi. Kin sha gaya min, “Bakinka za shi kai ka inda ƙahwarka ba ta iya maido ka.” Ni a lokacin ca nike yabo na.

Bana da zahi yah hwara, Lanti tat tahi duba ɗorawa ko ta kusa. Tat iske guntayen taba gindinta. Da anka hau anka duba, ga ledar ruwa, ga tsumma an ɗaure tsakanin rassan nan ukku, an yi wurin zama mai kyau, daidai inda nik kwanta. Wani na hawa shi zauna shi ƙidaya mu. Wa ka hita, da shanu nawa, ƙarhe nawa. Sai mutane sunka tuna sau biyu ke nan ana ɗauke masu zuwa gona ta wagga hanya, kamar an san lokacin hitarsu.

Bayan Juma'a mai gari yat tara mu, da 'yan sa-kai tsaye. Anka yanke duk wani babban icce da ke yamma ga gari a kai shi ƙasa, don mu riƙa hango mai zuwa tun daga nesa. Da anka zo ga wa za shi yi aikin, ido duka yaj juyo kaina. Ni kau nib buɗe ƙirji nic ce ai ko ba a hwaɗa ba.

Na kada tsamiyar bakin rijiya. Na kada ɗinya biyu da gawon nan da shanu ka kwana ƙarƙashinai. Kwana tara ina yi. Ɗorawa nib bari ƙarshe. Yau in ce gatari ya dakushe, gobe in ce baya ya riƙe, jibi in ce na yi mugun gani ga hanya.

Kuma kinsan ƙa'ida, ba a sa ƙarhe ga ɗorawar mace sai da bakinta. Mai gari yat tura dattawa biyu wurin Lanti. Taz zauna bayan asabari tas saurare su. Daddawar iccen nan ita ka ci da marayu huɗu, ita take kaiwa Bukkuyum ranar kasuwa. Kuma wataƙila bisa iccen nan anka zauna anka ƙidaya ubansu. Daga ƙarshe tac ce ita ba ta iya cewa a sare, ba ta iya cewa a bari, a tambayi Bawa, shi yas san bisanta.

Nir roƙi mako ukku. Garda ta cika ta ko'ina, rassa har sun sunkuyo, ban taɓa ganin ta yi ɗiya kamar bana ba. Nic ce a bari ta nuna Lanti ta kwashe ko na shekara guda. Wani cikin 'yan sa-kai yat tambaye ni mutum nawa nike son a ɗauke cikin mako ukkun. Nij janye roƙon.

Sai nit tuna Baffa Jaɓɓi na ruga, wanda kan kawo maki nono ki ba shi daddawa, kahin hitinan nan ta tada su ba ko sallama. Shi in rani ya yi tsanani ba shi kada icce, hawa shikai shi yi mai aski, shanu su ci ganye, baɗi icce shi sake. Nic ce to a bar ni in yi mata aski. In ba ganye ba reshe, ko ɓera yah hau a gan shi. Mai gari yac ce a gwada.

Ranar Litinin nih hau. Mata sunka hito sunka tsaya nesa. Lanti ba ta zo ba. Kowane reshe in ya hwaɗi sai garda ta watse kore shar, awaki na rububi. Kaɗan nik kaɗo ina yaro kinka kusa cire min kunne. Ranar Litinin gardar shekara guda niz zubar, ba wanda yat taɓa ni. Da ma an taɓa.

Da nig gama na ƙarshe nim miƙe tsaye bisa, ba komi tsakanina da sama. Nid duba yamma. Inna daga ganuwar gari har bakin daji ba abin da ke tsaye sai kututture. Mun sare don mu gan su, ashe su munka share ma ido. Wanda duk yah hita gona yanzu, in sunka taho ba shi da inda za shi sa kanai, ko irin wurin da ni nis samu bara.

Can bakin busasshen rahi kau ga mutum bisa mashin, bindiga ga baya. Bai ɓoye ba. Ina jin tun da nih hwara shina nan shina kallon aikin kamar shi yas sa ni. Da yag ga na tsaya sai yaɗ ɗaga min hannu, a hankali, irin na sannu da aiki. Sannan yaj juya yat tahi, ba ko sauri.

Mutanen da ke ƙasa sun ga hannun nan.

Tun ranar ba wanda yas sake dariyata. Na gwada, wallahi na gwada, har labarin jakin Alhaji Ila nib ba da wanda bai taɓa kasawa ba, sai ƙarar cokali cikin kohi. Mai shayi shi miƙo min shina kallon wani wuri. Masallaci in anka tada sahu, na kusa gare ni ba shi haɗa ƙahwatai da tau, sai shi bar 'yar ƙohwa tsakani. In na taho majalisa sai magana ta koma ta tsadar taki.

Kalma guda ta ka yawo, kin rasu ba ki san ta ba. Infoma. Mai kai ma mutanen daji labari. Wanda anka liƙa ma ita ƙasar ga ba a kai shi gaban alƙali, da sahe kawai a kan ga ɗakinai buɗe. Tambaya su kai, ƙaƙa anka yini ƙarƙashin mutum ba a taɓa shi ba? Ƙaƙa yas san sunayensu? Wa yag gwada musu wurin zaman nan na bisa? Don mi shike ta roƙon a bar iccen? Duk abin da niz zuba teburin shayi an tsince shi an adana, ba ko ɗaya da yaɓ ɓace.

Shekaranjiya mai gari yak kira ni zaurenai, mu biyu. Ya ce shi abokin Baba na, shi ya sa shike gaya min tun da wuri. Aski bai isa ba, har yanzu ana iya hawa a laɓe tsakanin manyan gaɓoɓin. An yanke a kai ta ƙasa ranar Assabar a ƙone gindin. In ni niy yi, shina da abin da za shi hwaɗa ma mutane. In na bari wasu sunka yi, to shi ba shi da bakin kare ni.

Don hakanan ki ba ni dama in hwaɗi wagga gabanki, masu leƙe su ji. Ƙarya niy yi. Su ukku na, ba goma sha biyu ba. Ban san sunan kowa ba. Ban jehi kowa ba, ba wanda yac ce min yi zamanka. Abin da niy yi bisa iccen nan shi na rawar jiki da kiran sunan Allah da naki. Mutumin da yaɗ ɗaga min hannu ban taɓa ganinai ba, kuma ina jin ya san abin da hannun za shi jawo min shi ya sa yaɗ ɗaga. Shekara arba'in da wani abu ina gina sunan jarumi, ga shi na rushe shi da yatsa guda. Ku riƙe, na ba ku.

Jiya da azahar nit tahi niz zauna gindinta. Ba inuwa, rana tsakiyar kai. Inda nis sassare duk ya yi ƙaro shina ɗiga. Nid dahwa ta, ɓawon da zahi kamar goshin mai masassara. Ba kowa wurin, don haka niy yi abin da kinka koya min, ba mai riƙe min kunne. Na gode ma Mai ita. Na gode da garin da yar riƙe mu wata biyu. Na gode da miyar da nic ci tun ban da haƙori. Na gode da ganyen da yar ruhe ni bai tambayi icce nawa nik kashe ba. Ita ba ta zaɓa, Inna, shi na abin da yaz zauna min ga rai. Ta ba ki, ta ba ni, ta ba waɗanda sunka jingine bindiga gare ta, ta ba mai ƙidaya mu. Inuwa kawai ta sani. Mu munka san sauran.

Nib biya gidan Lanti nig gaya mata. Tana tankaɗe ba ta tsaya ba. Tac ce icce an rasa da yawa, ɗan uwa kau guda gare ta, in tahi in yi. Sannan tas shiga ɗaki ta bar rariya ƙasa.

To za ni sare. Amma akwai sara akwai sara, wanga ko maƙiyina ya san na sani. In anka yanke ɗorawa daidai gwiwa, anka karkata saran yadda ruwa ba shi kwanciya bisa, kuma damina na kusa, saiwa ba ta mutuwa. Ta kan tohu ta gehe. Abin da ka kashe ta shi na wuta, a tara kara bisa kututture a kunna, kamar yadda ni kaina niy yi ma ɗaruruwa. Roƙona ke nan ga mutanen garinmu, kuma gaban uwata nike yin shi. Ku bar gindin. Toho mai tsawon kamu ɗaya ba shi ɓoye ɗan leƙen asiri. Kahin ta kai inda mutum ka hawa, ko hitinan ga ta ƙare ko mu mun ƙare. In ta rayu, ɗiyar Lanti ta gada kamar yadda aka yi tun kakanni. Ni gobe gatari ɗai za ni ɗauka. Ashana ba ta hita aljihuna, ko mi za a kira ni.

Mai gari bai ba ni amsa ba kan wagga. Na ga dai an hwara tara kara bakin gonar, ban san wa yas sa ba.

Inna ki yahe min. Kin bar min kunne biyu, kin bar muna icce guda, ban yi aiki da ko ɗaya yadda kinka so ba. Ina kewarki. In na ce ma mutane ba ni kuka, ke kinsan inda nike zuwa in yi.

Allah shi jiƙan ki, shi haskaka kabarinki, shi sa ki ƙarƙashin inuwar da ba mai gatarin da ka kai gare ta. Allah shi bayyana Mamman, in da rai shi maido shi, in babu shi ba Lanti haƙuri. Allah shi tsare wanda ka hita gona gobe cikin hilin da nis share. Ya Allah Kai ka ji, Kai ad da iccen, Ka ga karan da anka tara. Gabas ta hwara haɗa hadari kwana biyun ga. In sun ƙudura sai sun kunna, Ka riga su da ruwa.

Naki, har ranar da za a kawo ni kusa gare ki, in Allah ya sa an samu abin kawowa,

Bawa.